Garin Kuka na Dala Goma da Ya Kashe Motarmu a Hanyar Zermu

Tirmini, Talata

Ƙarfe biyar da kwata, muna fitowa daga sallar asuba, na tada motar a ƙofar gidanmu da ke Tirmini. Sai da na murza sau uku kafin ta kama. Ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Kamiyo ce, wato babbar motar kaya ta soja, koriya, mai taya shida, ta kuma girme ni nesa ba kusa ba. An yi gwanjonta tun da daɗewa, ta bi hannu biyu ko uku kafin ta iso namu. Kwana tara ke nan da muka saye ta, ni da wana, Yaya Maman Sani. Gonar da babanmu ya bar mana a bakin hanya muka sayar muka saye ta, kuma ba mu da wata gonar bayan ita.

Ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motocin mutane, na gaji da "to, Alhaji". Yaya ya yarda nan da nan, don shi ma fartanya ta ishe shi. Innarmu kaɗai ta ƙi. Da safiyar nan ta fito da butarta, ta tsaya ta dubi motar tun daga sama har ƙasa.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce. "Amma ni dai ban taɓa jin gona ta mutu a hanya ba."

Yaya ya yi dariya, na saka giya. Aikinmu na farko ke nan: mu ɗauki siminti da kwanon rufi daga unguwar Zango ta Damagaram mu kai Zermu, inda wani ɗan kasuwa ke gina ɗakin ajiya, mu komo masa da gyaɗa. Ya ce idan motar ta iya da yashin can, jigilarsa ta bana duka tamu ce.

Damagaram, unguwar Zango

Ƙarfe shida da minti goma muka tsaya a shingen shiga gari. Jandarma ya karɓi takardu, ya zagaya motar, ya buga tayar baya da takalmi.

"Shofer, wannan ai kaka ce. Tana da haƙora kuwa?"

"Za ka gani ranar da ka maƙale a yashi," na ce. Ya miƙo takardun yana dariya.

A Zango muka sha shayi da burodi na dala arba'in arba'in. Yaya ya wuce wajen mai sayar da simintin don ya tsaya a kan ƙirgar buhuna, ni kuma na kai motar wajen Baba Kyari. Babarbare ne, tsohon makanisiyan soja, garejinsa inuwar dogon yaro ce da akwatin ƙarfe guda. Irin waɗannan motoci ya yi wa hidima tun yana saurayi, shi ya sa da ya gan ta ya shafa gefenta kafin ya gaishe ni.

Awa biyu ya yi a kanta. Ya juye tsohon mai ya zuba sabo, ya cika kowace gaɓa da giris, ya nuna mini ƴar ƙusar da ake kwancewa kowace safiya a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iskar birki. Daga ƙarshe ya buɗe gaban motar ya kira ni.

"Laminu, zo ka ga radiyata." Tukunyar ruwan da ke sanyaya inji ke nan. "Hanyoyin ruwan nan sun fi tsinken tsintsiya siranta, rabinsu kuma tsatsa ta toshe. Agogon zafi ya mutu, ba abin da zai gaya maka. In ta fara ɗiga, ka tsaya, ka kira ni in zo in liƙe da dalma. Na san halinku, ku direbobin daji. Kuka, taba, ƙwai, sabulu, duk abin da ke madafar matanku sai kun ɗura wa mota. Wannan ba a ɗura mata. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Sake faɗa."

Na sake faɗa, kamar ɗan makaranta. Yaya ba ya wurin, kuma har yau ina jin haushin kaina da ban je na jawo shi ya ji da kunnensa ba.

Aka loda siminti buhu tamanin da kwano bandir huɗu. Muka sha gazuwal, wato man dizal, lita saba'in, muka bar gari ƙarfe goma da rabi.

Miriya

Kilomita goma sha takwas ne, kwalta ce kuma, amma tsohuwa ba ta sauri. Sha ɗaya da minti goma muka tsaya bakin tasha don mu sha fura. Ina saukowa na leƙa ƙarƙashinta kamar yadda aka koya mini, sai na ga ruwa yana ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis, daga kusurwar radiyata. Ba wani mai yawa ba ne.

Na ce wa Yaya mu tsaya in kira Baba Kyari. Ya tambaye ni aikin na awa nawa ne. Na ce sai an kwance an liƙe an mayar, watakila sai gobe. Ya nuna mini gabas, inda hadari ya fara haɗuwa, ya nuna mini tamfol ɗinmu mai huji kamar rariya.

"Simintin mutane ne a sama, magina suna can suna jira. A kan wannan ɗan fitsarin za mu kwana a Miriya? Kawo garin kuka."

"Yaya, Baba Kyari ya hana. Ya ce hanyoyinta sirara ne."

Kafin in rufe baki mutane sun taru, don ba kullum ake ganin irin motar nan ba. Direbobin tasha, masu kabu-kabu, har da wani tsoho mai sayar da tukwane. Kowa ya zama makanisiya. Wannan ya ce shi da kuka ya kai Gure ya dawo. Wancan ya ce motarsa shekara biyu tana yawo da ita a ciki. Gaskiya ne kuma, haka ake yi a ƙasar nan: a zuba garin kuka, yauƙinta ya bi ruwa ya toshe hujin. Ni kaina na yi wa ƙananan motoci haka ba sau ɗaya ba.

Na sake cewa a'a. Nan fuskar Yaya ta canza.

"Laminu, ni na goya ka. Yau a tsakiyar tasha za ka koya mini magana?"

Tsohon mai tukwane ya girgiza kai. "Yaro, abin da babba ya hango, ko ka hau rimi ba za ka hango shi ba."

Shekarata talatin da takwas, ina da ƴaƴa huɗu, amma a wurin nan yaro ne ni. A gidanmu ba a mayar wa babba magana a gaban baƙi, haka aka tashe mu. Na duba fuskokin mutane, duk suna jira su ga ko ɗan Tirmini marar kunya ne. Na taka da ƙafata zuwa wajen wata mata, na sayi garin kuka na dala goma. Na jira inji ya huce, na buɗe murfi, na zuba da hannuna.

Da na tada motar, ba a yi minti biyar ba ɗigar ta tsaya cak. Tasha ta ɗauki shewa. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Sojanka bai san komai ba."

Hanyar yashi

Sha biyu da rabi ta wuce lokacin da muka sauka daga kwalta muka yi arewa. A nan ne tsohuwa ta nuna ko ita wace ce. Na saka mata giyar yashi, ta riƙa tafiya da nauyin nan kamar ba ta ɗauki komai ba. Muka wuce wata ƙaramar mota da ta nutse har gindi, fasinjoji suna tura ta. Wallahi a sa'ar nan na ji daɗi, har na fara raya yadda zan zagaya in faɗa wa Inna.

Wajen ƙarfe biyu hancina ya jiyo wani abu. Ƙamshin miyar kuka ne sak, daddawa kawai ya rasa. Zafi yana tasowa ta ƙarƙashin ƙafata. Agogon zafi yana nan kwance yadda ya kwanta tun zamanin soja.

"Yaya, tana dahuwa."

"To, tsaya mana."

Ba wurin tsayawa. Muna tsakiyar busasshiyar korama, yashi mai laushi, wanda in ka tsaya da buhu tamanin sai an tono ka. Gaɓar tana gabanmu, tafiyar da ba ta fi taku ɗari biyu ba. Na danna mata. Ta yi gurnani, ta hau, tayoyin gaba suka taka ƙasa mai tauri. Sai na ji ƙwas daga cikin inji, farin tururi ya rufe gilashi, ta yi shiru. Ƙarfe biyu da minti ashirin.

Da ta huce na buɗe murfin. Na tsoma tsinke, ya fito da yauƙi kore mai kauri, yana ja kamar miyar da ta kwana. Kukar ta toshe hujin, ta kuma toshe duk sauran hanyoyin da suka rage, ruwa ya daina zagayawa. Na zaro sandar duba mai. Sabon man da Baba Kyari ya zuba da safe ya koma fari kamar kunu. Duk direba ya san abin da wannan ke nufi.

Yaya ya leƙo ya dubi sandar, ya ce, "Ƙaddara ce."

"Ƙaddarar dala goma," na ce. Ba kowa a wurin sai ni da shi da ƙaya, don haka yanzu bakina ya buɗe, lokacin da ba shi da sauran amfani. Na faɗa masa maganganu. Na ji haushinsa, amma haushin kaina ya fi, don shi bai sani ba, ni kuwa na sani.

Zermu

Tafiyar rabin awa ce a ƙafa daga inda ta mutu. Na taka na samo amalanken shanu huɗu. Sawu uku suka yi, aka kwashe simintin kafin magariba, ko buhu ɗaya bai jiƙe ba, don hadarin da ya tsorata Yaya watsewa ya yi ranar. Ɗan kasuwar ya ce a waya, "Ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya kuma ce gyaɗar ya riga ya samo wata mota.

Shugaban maginan, Malam Isa, ya sauke mu a zaurensa. Mutumin kirki ne. Matarsa ta aiko da tuwon gero, aka buɗe kwanon miya, kuka ce. Yaya ya ci loma biyu ya tsame hannu. Ni ruwa na sha.

Laraba da hantsi Baba Kyari ya iso a bayan kabu-kabu, da akwatinsa a cinya. Bai gaishe mu da kyau ba sai da ya tsoma yatsa a radiyata ya shinshina.

"Wa ya zuba?"

Yaya ya dubi ƙasa. Na ce, "Ni ne, Baba." Ba ƙarya na yi ba.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya kwance abin da zai kwance har azahar, sannan ya goge hannu.

"Kan injin ya tsage, fistan biyu sun kama. Rabona da ganin irin kan nan a kasuwa, tun gashina yana baƙi. Zan tambaya har Agadas, amma kada ka sa rai." Ya dafa ƙofar motar. "Irinta sun je Bilma sun dawo, hamada ba ta kashe su ba. Sai da ta zo hannun manoma."

Muka cire batura biyu da fitilu, muka bar ta amana wajen manomin da ke kusa. Ya ce ba damuwa, awakinsa sun ma fara shan inuwarta. Da la'asar ruwan farko na bana ya sauka, mai ƙarfi, har koramar ta kawo.

Komawa gida, Alhamis

Ƙarfe takwas muka shiga motar kasuwa, jikka ɗaya da rabi kowane mutum, da batura a ƙarƙashin ƙafafunmu. Daga Zermu har Miriya, daga Damagaram har Tirmini, duk inda ka duba mutane ne a gona. Maza suna sara da sungumi, mata da yara suna bi suna jefa iri suna rufewa da diddige.

Gonarmu tana bakin hanya, ba yadda za a yi ka shiga gari ba ka wuce ta ba. Sabon mai ita yana ciki da ƴaƴansa, sun kai wajen gawon da babanmu ke ɗaure jaki. Ya ɗago mana hannu. Yaya ya juya fuska ɗaya gefen.

Ƙarfe huɗu muka shiga gida. Inna tana zaune a tsakar gida da babbar ƙwarya a gabanta, cike da gero. Ta dubi baturan da ke hannunmu, ba ta tambayi motar ba.

"Sannunku da hanya," ta ce. "Jiya da na ji ruwa na sauko da damin irin babanku na sussuke. Sai da na gama sheƙa na tuna ba mu da gona."

Yaya ya ajiye baturinsa ya shige ɗaki. Ni na zauna a ƙasa kusa da ƙwaryar.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu da ƙafafunmu. Na gode wa Malam Isa da iyalinsa, da masu amalanken Zermu, da Baba Kyari wanda ya ƙi karɓar ko kuɗin kabu-kabunsa. Mutanen tashar Miriya kuwa, Allah ya ba su motocin da suka dace da iliminsu. Gobe bayan asuba zan saɓa sungumi in tafi ƙwadago. Sabon mai gonarmu ya aiko yana neman hannu, ya kuma ce idan irin babanmu yana nan in taho da shi, don shi ne ya saba da ƙasar.