Tahir da Bangon Inna Batulu

Ina ɗaure katako a bayan babur a kasuwar Diguel, maƙwabcinmu Ghali ya kira ni a waya. "Bakari, bar katakon nan. Bango ya faɗa wa Tahir, ya cika." Na tsaya da igiya a hannu.

Tare muka tashi da Tahir. Ni na bi mahaifina fawa a unguwar Farcha, shi ya tafi kudu aikin neman fetur. Shekara tara yana dasa wasu ƙananan na'urori a ƙasa, kunnuwa yake ce musu. Babbar mota ta daki ƙasa, girgizar ta nutsa, ta ci karo da dutse ta dawo, kunnuwan su ji. In ya dawo gida yakan ce girgizar ƙasa ma haka take tafiya: ta farko ta iso da sauri kamar an tunkuɗe ka, ta biyun ta biyo tana kaɗawa gefe da gefe, ita ce mai ɓarna. Sai ya naushi teburina don in ji a ɗaya ƙarshen. Ni kuwa dariya nake masa.

Ran nan an kwana ana ruwa. Da hantsi ɗakin Inna Batulu, tsohuwar layinmu, ya rufta tana ciki. Bango ɗaya ya rage, jiƙe sharkaf, ya karkato. Mutane suka haye tarin ƙasar suna ihun sunanta. Tahir ya daka tsawa kowa ya sauka ya zauna. Ya kafa sandar ƙarfe a laka, ya ƙwanƙwasa sau uku, ya manna kunne. Shiru. Ya matsa ya sake. A wuri na huɗu ya ɗaga hannu.

"Tana nan. Kwano take bugawa."

Wurin kuwa gindin bangon ne. Ghali ya ce bayan tafiyata neman katako bugun ya fara rauni, Tahir ya ƙi jira. Da hannu ya tona, ya miƙo ta da ranta. Shi bai samu fitowa ba. Allah ya jiƙanka, ɗan uwana.

Da zan tafi neman katakon tokare bangon, na sa ƙafa zan tayar da babur, Tahir ya riƙe min hannu.

"Sarkin fawa, kashe ta za ka yi? Tura shi har bakin titi, bangon nan yana jin komai."

"To. Amma kada ka shiga sai na dawo."

"Kai dai yi sauri."