Ƙarfen Kuwabara Ya Gaji

Kuwabara Shigeharu mai gasa ƙarfe ne a garin Higashi-Osaka, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Shi ba ya ƙera komai. Wasu ke ƙerawa su kawo, ya zuba a tanderu, ya ba ƙarfen wuta har ya yi tauri. In ya fito da shi sai ya goga masa magagari, in magagarin ya zame bai ci ba, to aiki ya yi. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita ya yi jinyar matarsa har ta rasu, da ita ya reni 'yarsa Chizuru. Taurin kai gare shi, kuma bai taɓa ɗaukar hakan aibi ba. A wurinsa tauri shi ne kirki, ko ga ƙarfe ko ga mutum.

Ya haura saba'in lokacin da wani kamfanin injin ban ruwa ya fara kawo wani irin ƙarfe marar tsatsa, wanda ba zuba shi aka yi ba, ba kuma sassaƙa ba. Inji ne ke shimfiɗa garin ƙarfe, haske mai zafi ya narka shi, a sake shimfiɗa wani a kai, har abin da ake so ya tashi. Chizuru, wadda ta daɗe tana riƙe da rabin aikin shagon, ta ce wannan ba a yi masa gashin da aka saba.

"Baba, cikinsa fa duk 'yan ramuka ne da ido ba ya gani. In ka cika masa tauri, daga bakin ramin zai fara tsagewa. A ƙara masa zafi kaɗan, a bar shi ya jima, ya ɗan sassauta."

"Ya sassauta? Ke, taliyar udon muke dafawa a nan?"

"To a gwada mana."

"A gwada! In naki ya fi nawa daɗewa, shagon ya zama naki, ni in koma mai shara."

A gaban ma'aikata ya faɗa. Doi, wanda suka tsufa tare a bakin tanderun, ya tura hularsa ƙeya ya ce, "Shugaba, magana fa zarar bunu ce."

"Kai dai rufe mana baki, tsohon banza."

Uba da 'ya, kowa ya gasa nasa sandunan gwaji na sabon ƙarfen. Na Kuwabara magagari ya zame a kansu sumul, na Chizuru kuwa ya ɗan ci, har tsohon ya yi ta zagaya shago yana nuna wa mutane shaidar. Aka kai su ɗakin gwaji, inda wani inji ke jan ƙarfe ya saki, ya ja ya saki, ba hutu, kamar mai lanƙwasa waya yana miƙewa, har ƙarfen ya gaji ya karye. Da ja ɗaya tak za a yi musu, na Kuwabara ne kan gaba. Amma injin ban ruwa ba sau ɗaya yake juyawa ba.

Bayan 'yan makonni aka dawo da sandunan cikin kwali biyu. Nasa duk sun rabu biyu. Nata, yawancinsu har aka kashe injin ba su karye ba.

Kuwabara ya ɗauki guntu ɗaya ya sa madubin ƙara girma. A gefen karayar ga rami kamar kafar allura, daga nan tsagar ta yi ta ci sannu a hankali. Ya sake goga magagari, ya zame kamar kullum. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Hannunsa bai kuskure ba, ya yi aikin daidai yadda ubansa ya koya masa, ƙarfen ne ba na zamaninsa ba. Ranar bai ci abincin rana ba, bai kuma zagi kowa ba, abin da ya tayar wa Doi hankali.

Washegari ma'aikata suka yi layi don taron safe, inda mai shago ke tsayawa a gaba ya raba aikin yini. Kuwabara ya fito cikin rigar aikinsa mai ruwan toka, ya wuce ya shiga layi kusa da Doi. Gaba ba kowa. Chizuru na tsaye can ƙarshen layin, idonta ya kawo ruwa, ta ƙi motsi.

"Baba, don Allah..."

Bai dube ta ba. Ya haɗa hannuwansa a baya kamar sauran.

"Shugaba," ya ce mata, "mutane na jira."