Hular Kaki a Hanyar Rumbu

"Ko ka naɗa shi, ko ka hito fili ka gaya mini makaho nike aure, in san zaman da zan yi."

Muryar Azara ce ta tsallako katangar da ta raba gidanmu da nasu, da sassafe, a tsakiyar bazarar shekara ta huɗu da samun mulkin kai. Da mijinta Attaher take. Ƙarar famfo kawai nake ji, yana ba tayar kekensa iska. Ta ce ta wanke rawanin, ta ninke, ta zuba masa man shanu a gwangwani, ga kwalli, me kuma ya rage? Ya ce ya ji. Ta ce ji ba shi ne ba, jiya da idonta ta ga ya tsaya yana yi wa turmi magana, yana zaton ɗiyarsu Lalla ce a tsugune. Ya ce ai turmin ya fi wasu mutanen gidan ladabi, tunda bai mayar masa da magana ba. Ba ta yi dariya ba.

Wannan rigima ta fi shekara biyu ana yin ta, kuma duk unguwa ta san kanta. Attaher shi ne ɗan aiken da ke kai takardun hukuma daga Dakoro zuwa ƙauyuka, falanto kamar yadda ma'aikata ke cewa. Litinin ya nufi Ajekoriya, Alhamis ya nufi Rumbu, wani lokaci ya wuce har rugage da mashekaran da ba su da suna a takarda. Da aka ɗauke shi aiki an ba shi abu uku: baƙin keke, jakar fata, da hular kaki mai ɗan baki a gaba wanda bai fi faɗin yatsu uku ba. Hanyar yashi ce. Rabin tafiyar keken ke ɗaukarsa, rabi shi ke tura keken, kuma ba a ba shi takardun sai hantsi ya ɗaga, lokacin da masu hankali ke neman gindin itace.

Kowa a ƙasar nan ya san yadda ake shiga rana. Bafillace yana kifa malfa. Buzu yana naɗa rawani ya rufe har karan hanci, ya bar ƴar tsaga ga idanu. Mata kan shafe fuska da mai, su zizara kwalli mai kauri. Attaher kaɗai ke ratsa wannan farin yashi mai ƙyalli da fuska a buɗe. Fatar kumatunsa ta soye tana saɓulewa, leɓunansa sun tsage, wuyansa ya zama kamar tsohuwar salka. Wannan duk da sauƙi. Idanun ne abin tsoro. Sun yi jawur, kullum suna zubar da ruwa, kuma wani jan nama ya taso daga gefen hanci yana hawa baƙin idon, na dama ya fi nisa. Lokotoron asibiti da ya duba shi ya ce rana ce da yashi, ba shi da maganin da zai kankare abin, amma in ya kare idon wataƙila ya tsaya inda yake. In bai kare ba, shekara biyu ta yi yawa.

Mutanen gari sun raba ra'ayi. Wasu sun ce doka ce, ma'aikaci ba ya rufe fuska. Na tambayi Mainassara, sakataren da ke miƙa masa takardu, ya ce shi bai taɓa ganin wannan doka ba, da Attaher zai zo da tukunya a ka ma ba ruwan kowa, muddin saƙo ya isa. Wasu sun ce girman kai ne, ya samu hular gwamnati yana so kaji ma su gani. Wannan ya fi kusa, amma bai kai ba. Mai girman kai yana son jikinsa. Attaher kuwa yana kallon idonsa na mutuwa, yana kuma tashi kowace Alhamis ya kai shi inda ake kashe shi.

Ubansa Jimrau an haife shi bawa a gidan wasu masu raƙuma na arewa. Shi ma Attaher a nan ya tashi, yana jan ruwa tun kafin igiyar guga ta daina fin ƙarfinsa. Da ya balaga, ubangidan ne da hannunsa ya naɗa masa rawani, ya ce to yanzu ya zama namiji, sai a bar masa rijiya shi kaɗai. Bayan rasuwar Jimrau ya kwaso uwarsa suka gangaro Dakoro. Ya yi dako a kasuwar dabbobi, ya koyi Hausa har ta fi ta wasu ƴan gari, ya koyi hawan keke a wurin wani mai faci. Ranar da aka ba shi hula ya kwance rawanin, uwarsa ta juya masa baya don kunya, domin a wurinsu namiji ya buɗe baki gaban manya tamkar ya tuɓe ne. Ta rasu ba ta sake kallon fuskarsa sosai ba.

Duk wannan an sani. Abin da ba a sani ba shi ne ya taɓa yarda da maganar Azara. Ni ma ban sani ba sai wata Lahadi da la'asar, yana facin taya a zaure, yana laluben hudar da leɓensa saboda idon ba ya ganin ta. Na matsa masa da tambaya fiye da yadda ya kamata maƙwabci ya yi. Sai ya faɗa, ba tare da ya ɗago kai ba.

Bara waccan, bayan maganar lokotoro, sun yi shawara da Azara. Zai fita gari da hula, in ya wuce gonakin ƙarshe ya sa ta cikin jaka ya naɗa rawani, in ya hango rumbunan ƙauye ya kwance ya mayar da hula. Wata biyu yana haka. Ya ce idon ya huce, ruwan ya ragu, har ya soma gane mutum daga nesa. Sai wata Alhamis, a wata rijiya kafin Rumbu, ya tsaya ya jiƙa maƙogwaro. Akwai raƙuma a bakin komi, da wani mutum zaune a inuwar sirdi. Mohamed ne, ɗan tsohon ubangidansu, wanda suka yi wasan ƙasa tare. Fari ya koro su kudu. Ya rame, rigarsa ta koɗe, raƙuman ba su fi bakwai ba.

Mohamed ya dube shi, ya gane naɗin, domin irin naɗin gidansu ne. Bai yi mamaki ba, bai tashi ba, bai ko dubi keken ba. Ya ce da shi cikin harshensu, da murya mai taushi, kamar jiya suka rabu: ɗan Jimrau, dabbobin nan ba su sha ba.

"To ka san mi na yi?" in ji Attaher. "Na jingine keken gwamnati, da takardun gwamnati a jiki, na kama igiya. Guga talatin da wani abu. Ba wanda ya riƙe mini sanda. Shi kaɗai ne, ko tsayuwar kirki bai iyawa, da na ture shi da yatsa sai ya faɗi. Hannuna ne suka tahi da kansu. Har na gode mishi da ya ce ya isa."

Ya ce da ya bar wurin ya yi tafiya mai nisa kafin ya gane abin da ya faru. Ya sauka, ya kwance rawanin, ya sa hula. Ya yi ta juya abin a ransa har Rumbu, ya ga cewa da hular ce a kansa da Mohamed bai yi masa magana haka ba, in ma ya yi, da shi bai amsa ba. Da ƙyallen ya rufe masa baki, sai ya koma wanda aka naɗa wa shi. Ban san ko haka ne ba. Ina zaton hannun da suka ja guga talatin za su ja ko da wace hula, kuma ina zaton shi ma yana wannan zaton, shi ya sa ba ya son a sake gwadawa. Bai gaya wa Azara ba. Ya ce mata rawanin yana sa shi jiri a kan keke. Ta kawo malfa, ya ce tana rufe hular, iska kuma tana fizge ta. Ta ɗinka wa hular wani ƙyalle a baya da gefe, ya farke shi a hanya.

Tun daga nan abin sai gaba yake. Idon dama ya rufe, na hagu yana ganin duniya kamar ta cikin tsumma. Da ma ba ya karatu, da launin hatimi yake bambanta takardu, yanzu ja da shuɗi sun zama ɗaya. Sau biyu ya kai saƙon Ajekoriya Rumbu. Ya faɗa cikin ƙaya ya dawo da riga a yage ya ce akuya ce ta gitta. Hanya kuwa da ƙafa yake gane ta, inda yashi ya yi laushi, inda ya yi tsauri. Mainassara ba mugu ba ne, ya rufa masa asiri iyakar iyawarsa, amma ya gaya masa a gaban mutane cewa in damina ta faɗi za a karɓi keken a ba wani. Hular ma ta hukuma ce, tare za a karɓa. Azara na ganin in an ceci idon hagu ko dako ya koma. Shi kuwa lissafin Alhamis nawa suka rage masa da hula yake yi.

A safiyar da nake magana, da ƙarar famfon ta tsaya, na fito ƙofar gida. Rana ba ta gama ɗagowa ba amma ƙasa ta soma zafi. Ya turo keken ta zaure, tayar gaba ta bugi dokin ƙofa, ya ja baya ya sake daidaitawa. Azara na biye da shi da rawanin a hannu, baƙi, a ninke, Lalla na riƙe da zanenta. Ba ta ƙara ɗaga murya ba. Ta ce, Baban Lalla, don girman Allah, ko a jaka ka sa shi. Ta ce rana ba ta da tausayi, ba ta san shi ma'aikaci ba ne, cinye shi za ta yi ta bar mata saura.

Ya gyara hular da hannu biyu, ya ja ɗan bakinta ƙasa, inuwar ba ta ko kai girarsa ba. Ya juya wajen da yake zaton tana tsaye, ya ɗan kauce mata kaɗan, ya yi wa katanga magana.

"Na sani, Azara. Amma ita rana dai ba ta taɓa sa ni jan ruwa ba."