Jan Ƙyalle a Tsakiyar Gona

Kakata Inna Tabawa tana da wani hali da ya sha ƙona mini rai ina yaro a Kalfu: ba ta ƙarasa tatsuniya. Bayan girbi, in sanyi ya fara sauka, mukan tara kara mu hura wuta a tsakar gida, ita kuma ta miƙe ƙafa tana ɓarar gujiya. Sai labari ya kai wurin daɗi ta yi gum. Ko kuka za ka yi, ba ta ci gaba sai wani ya yi tambayar da ta gamsar da ita. Ni da ba ni da haƙuri nakan tashi ina zaga wutar ina ƙunƙuni, tana dariya wai angonta ya fi tukunya saurin tafasa.

Makon nan Inna ta dame ni da faɗowa a rai. Ina koyar da kimiyya a wata lise, wato makarantar sakandare, a Tawa, na ce kowane ɗalibi ya kawo wani bincike mu tattauna. Wata yarinya mai ƙoƙari, Zalika, ta kunna mana saƙon murya daga wayarta: wai masu bincike sun gano ruwan wani ganye yana warkar da ciwon suga, mutane da yawa sun sha sun warke. Tana murmushi ta ƙara da cewa babanta, ɗan kabu-kabu mai haya da babur, ya ma ajiye ƙwayoyin likita ya koma ganyen. Na so in ce ƙarya ce, amma na san za ta ɗora maganata kusa da ta wayar ne kawai ta zaɓi mai daɗin ji. Na wuni ban iya zama wuri ɗaya ba.

Washegari na ba su wata tatsuniyar Inna. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, hatsin kowa ya ƙone, ban da na wani mutum da rumbunsa ya cika. Da aka matsa masa, ya ce jan ƙyalle ya ɗaura a sanda ya kafa tsakiyar gona. Damina na zagayowa, gari ya rikice. Ba jan zanen da ya tsira, har kallabin amarya an yage. Kowa ya kafa sandarsa ya koma gindin itace yana jiran arziki.

Nan Inna ta tsaya a daren da ta ba mu ita. Na tambayi yawan damman hatsin mutumin, ta ce wannan tambayar mai kwaɗayi ce. Wani ya tambayi sunan amaryar, ko kallonsa ba ta yi ba. Wuta har ta kusa mutuwa kafin Rabi, ɗiyar baffana, ta ce, "Inna, gonatai ina take?"

"Yawwa, ɗiyata. Cikin kwari take, inda ruwa ka kwana. Sauran duk bisa fako sunka yi shibka."

Ni ma inda Inna ta tsaya na tsaya wa ɗalibaina, na ce ba zan ƙarasa ba. Na zaga ajin, na goge allon da babu komai a kansa, amsar tana cin bakina. Da ƙyar wani yaro ya tambayi inda gonar take. Na ce to, su koma kan saƙon jiya. Tambayoyi suka fara fitowa ɗaya-ɗaya: su wane ne masu binciken, a ina suka yi shi, wa ya auna jinin mutanen. Zalika tana ta murza bakin hijabinta. Can ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda ake kiran malami a nan.

"Mushe, waɗanda sunka sha ba su warke ba fa? Su, wa ya ji muryassu?"

Ba ta jira amsata ba. Ta haɗa kayanta, ta nemi izinin zuwa tashar da babanta yake tsayawa da babur. Na ce ta tafi.

Ina yaro na ɗauka mugunta ce take sa Inna riƙe ƙarshen labari. Sai yanzu na san wahalar da take sha, tana zaune da amsa a baki tana jiran ta fito daga namu. Ko uban zai saurari ɗiyarsa, ban sani ba, kuma ina jin tsoro. Yau da safe kujerar Zalika babu kowa, ina darasi ina leƙen ƙofa.