Safiyar da Muka Shigo da Hurera

Wata Litinin ce a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu na sakandare, na iso makaranta na tarar iyaye maza sun cika bakin get. An yi ruwa da asuba, jar ƙasar Lafiya ta manne wa kowa a takalmi, mangwaron da iska ta kakkaɓo yana ta ruɓewa a gindin katanga. Wasu da fartanya a kafaɗa, wasu sun jingine babura, ana magana da yarukan Eggon da Alago da Tibi, in rai ya ɓaci sai a koma Hausa don kowa ya ji. A ƙarshen makon shanu sun shiga gonaki ta hanyar Assakio, sun tattake doyar da ta fara yaɗo, aka yi faɗa har aka ji wa wani rauni. Maganar iyayen ɗaya ce: kada ɗan Fulani ya ƙara shiga makarantar nan. A cikinsu na hango babana, domin gonarmu na cikin waɗanda aka ɓata.

Bafulatana ɗaya ce a ajinmu, Hurera, kuma benci ɗaya muke zama. Daga rugarsu ta bayan Azuba take takowa kullum, takalminta a hannu in ta zo tsallake rafi. Lokacin tara mukan zauna a inuwar kashu mu yi 'yar carafke, ni na buɗe dafaffiyar gyaɗa, ita ta fito da fura a ƙaramin kwano. Ni kafin in fito sai na share tsakar gida, na ɗebo ruwa, na baza rogo a kan buhu, ita kuma sai ta gama tatsa. Saboda haka tare muke makara, tare ake sa mu tsintar leda. Ran nan ta hango taron daga nesa, ta juya.

Malama Rifkatu ce ke koya mana darasin haƙƙin ɗan Adam. Gajera ce, muryarta ba ta da ƙarfi, kuma ba ta yarda da hadda kawai ba. Ta sha kai mu kwashe sharar kwata a bakin kasuwa, ta sa muka je muka yi wa mai unguwa bayanin rijiyar da ba ta da murfi. Takan ce, "Haƙƙin da ya tsaya a allo, dasta ce ke cinye shi." Da ta shigo ranar ba ta ɗauki alli ba. Ta dubi wurin zaman Hurera, ta tambaye mu ko yarinyar ce ta kora shanun. Ta ce ba za ta tilasta wa kowa ba, ita dai gobe za ta tsaya a mararraba ta jira ɗalibarta, wanda ya ga zai iya ya zo.

Da yamma ina tankaɗen garin rogo ina jin baba yana gaya wa mama cewa irin doyar nan shi ne abincinmu na baɗi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, tuwon ma kaɗan ya taɓa. Na so in yi masa maganar gobe, sai na kwashe kwanuka na wuce.

Da safe muka haɗu a mararraba, ba mu kai rabin aji ba. Malama ta riga ta aika rugar, sai ga Hurera ta ɓullo, leɓenta a bushe, wanta ya rako ta ya tsaya can nesa. Muka sa ta a tsakiya. Na kama hannunta, sanyi ƙalau kamar ta tsoma shi a randa, nawa kuwa sai zufa. Muna matsowa get, iyayen na nan kamar jiya, hayaniya ta ƙaru, wani ya buga ƙeyar fartanya a ƙasa, wani ya yi ihu, "Malama, ka koma da yarinyan nan!" Malama ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da ladabi, amma ba ta daina tafiya ba, mu ma ba mu daina ba. Wasu daga iyayen wurin suna da ɗa ko 'ya a cikinmu, ba wanda ya iya ɗaga hannu. Na wuce ta gaban baba, ina kallon laka a ƙafarsa, ban iya ɗaga kai ba.

Duka na sa rai da shi a gida, bai dake ni ba. Yana wasa adda a kan dutse ya ce, "Laraba, na sani ba shi ne ya kora shanu ba. Amma doya na fa? Ni ba ni da haƙƙi?" Washegari na kai wa Malama tambayar kamar yadda ya yi ta. Ta ce babana ya fi ta gaskiya a nan, kuma darasin bai ƙare ba. Ta bi manoman zuwa wurin hakimi, ta tsaya musu har aka kira ardo aka zauna. Ranar Asabar ajinmu ya fita gonakin gyaran kunya da kafa sanduna, Hurera na cikinmu. Da rana ta take baba ya miƙo mata gasasshiyar doya da manja. Doyar shekarar dai ba ta yi kyau ba, mun ci rogo har ya ishe mu. Da kaka dangin Hurera suka tashi, ban sake jin labarinta ba.

Yanzu gidajen bulo sun cinye inda rugar take, ni kuma ina da 'ya a sakandare. Tana iya jero mini haƙƙoƙin nan tiryan-tiryan saboda jarrabawa, amma 'yan ajinsu kusan duk yarenmu ne da cocinmu, kuma da an ji ƙishin-ƙishin rikici ni ce ta farko da ke tare mai keke in je in ɗauko ta. Ina so ta yi ƙarfin hali irin na Malama Rifkatu, ina kuma tsoron ranar da za ta yi. Sai da na haihu na san tsoron uwa ya fi na yarinya nauyi.