Duwatsun Ƙofar Majo

Jama'a, yau na watse layin likita ban sani ba!

Na kai Inna asibiti awon tansiyo, wato hawan jini. Ƙofar majo, mai duba mutane, ba kowa sai ƙananan duwatsu jere, jama'a na can inuwar itacen bedi. Don kada tsohuwa ta yi tuntuɓe, na share su da ƙafa.

Sai ihu! Wata Bafulatana ta taso: "Ina dutsena? Ni ce ta uku!"

Na ce, "Wane dutse kuma?"

Ashe kowane dutse wurin mutum ne! Majo ya leƙo ya ce a sake jeri, mu mu koma ƙarshe.

Inna ta dube ni: "Farin nan na gaba da ka fara shurewa, nawa ne. Tun asuba na aika aka aje."