Ƙarar da Mai Kunne Bai Ji Ba

Mahaifina bakanike ne, kuma tun kafin a haife ni babu mai kiran sa da sunan yanka. Mai Kunne ake ce masa. Mota za ta shigo gareji, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta. In abin ya ɓuya sai ya ɗauko doguwar sukundirebarsa, ya dafa bakinta a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido, kowa ya yi tsit. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Ba ka isa ka saci sukari ba, ƙarar murfin gwangwani kaɗai ta ishe shi ya kira sunanka daga ɗaki.

Da ƙarfi ya fara ja baya ya bar garejin, sai ya jawo wata tsohuwar a-kori-kura da ta daɗe a yashe a bayan shago, har kaji na ƙwai a kujerarta. A kanta ya fara koyon aiki yana saurayi. Ya kwance ta kaf, ya wanke kowane noti da fetur, ya mayar, ya yi mata shuɗin fenti. Mama takan ce da motar nan na cin abinci, ita za a fara zuba wa. Ranar da motar ta tashi ya sanar cewa zai kwashi Mama da jikoki ya kai su wurin ƙanwarsa, tafiya mai nisa a hanya mai hawa da gangara.

Sai dai motar tana ƙara. Da ya saki kuloci sai ka ji ƙwas daga ƙarƙashi, in ya sa ribas ma haka, in ta ɗauki gudu kuma wani gurnani ya biyo baya. Ni tela ce, ban san komai a mota ba, amma na san in keken ɗinki ya fara irin wannan kukan ba a ƙara taka shi. Kowa yana ji, har mai shagon kusa da mu. Baba ne kaɗai ba ya ji. Kunnen ya daɗe yana tafiya a hankali: rediyo ya ƙure shi, ana magana yana gyaɗa kai inda bai kamata ba. Duk mun sani, muka haɗu muka yi gum.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsofaffin almajiransa na gareji, Dogo da wanda ake kira Baƙin Mai. Manyan mutane ne yanzu, da furfura, kowa da garejinsa. Baba ya ɗauke su a motar suka zaga unguwa, ya tsaya yana murmushi.

"To, ya kuka ji ta?"

"Sumul, Maigida!" in ji Dogo da ƙarfi. "Kamar yau ta fito daga kamfani."

Yana shiga gida suka koma bayan katanga suna gardama ƙasa-ƙasa, ina tsaye da tiren shayi. Dogo ya ce boris ɗin tayar baya ne, ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. Baƙin Mai ya ce a'a, da boris ne da kukan ya canja in an sha kwana. Ƙwas ɗin nan na sakin kuloci kuros ne, mahaɗin farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya.

"In ya tsinke fa?" na tambaya.

Suka kalli juna. "In ana gudu ne, farfelar ta faɗo ta caki kwalta... Allah dai ya kiyaye," in ji Baƙin Mai.

"Shi ne kuka ce masa sumul?"

Dogo ya ce, "Auta, ke yarinya ce. Mutumin da ya koya mana saurare, da wane bakin za mu ce masa bai ji ba? A bar kaza cikin gashinta. Za mu san dabara."

Dabarar tasu ita ce Yayana ya sato makulli su gyara a ɓoye. Ƙatti masu gemu sun gwammace sata da faɗin gaskiya! Makullin kuwa yana ɗaure da igiya a aljihun Baba, ko wanka da shi yake shiga. Kullum Yaya sai ya ce a dai lallaɓa, ranar tafiya tana ta matsowa, Mama har ta fara ɗaure kaya. Wannan abin da suke kira girmamawa, ni tsoro na gani tsirara, kuma 'ya'yana biyu suna cikin waɗanda za a zuba a bayan motar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safe na same shi yana goge gilashi, na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina.

"Baba, motar nan tana ƙara."

"Ke, ni za ki koya wa mota?"

"Ba mota nake koya maka ba. Kunnenka ne ya tafi, Baba. Kowa ya sani. Ƙarya suke maka!"

Ya kalle ni, tsumman na hannunsa. Na zaci mari ne zai biyo baya. Sai ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Na durƙusa ina leƙe. Ya kama farfelar da hannu biyu ya murɗa, ta yi wasa a hannunsa, jar ƙurar tsatsa ta zubo masa a fuska. Kuros ɗin na asali ne, ya bar shi don a ido lafiyarsa lau, ya dogara cewa in da matsala zai ji.

Ya aika aka kira Dogo da Baƙin Mai.

"Kun ji?"

"Mun ji, Maigida."

"Ku ɗaga murya!"

"Mun ji!"

"Na koya muku ku saurari mota. Ashe ban koya muku ku buɗe baki ba. Ku tashi ku ba ni wuri."

Shi kaɗai ya canja kuros ɗin, ko sifana bai yarda sun miƙa masa ba. Aka yi tafiyar aka dawo lafiya. Mama ta ce duk hanya tafin hannunsa na kan sandar giya, yana jin motar ta fata.

Dangi kuwa ni suka sa a gaba: Auta ba ta da kunya, ta karya wa tsoho zuciya. Waɗanda suka yarda farfela ta karya masa wuya su ne masu tarbiyya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Amma sukundirebar nan tana rataye a ƙusa, bai sake taɓa ta ba. Jiya muna tsaye a ƙofar gida wani tsohon direba ya zo daf da shi ya kwaɗa masa kira, "Mai Kunne!" Baba bai waiwaya ba. Mutumin ya girgiza kai ya wuce yana tausaya masa. Ni da ke kusa na ga yadda kafaɗarsa ta motsa. Ya ji sarai.